Ƙoƙi-ƙoƙin furen okid: wata nawa yake yi a hannun mai kiwo, kuma ya zaka yi ya cika kwanakinsa

Duk wanda ya fara ganin hoton wannan ƙwaro, bayan ya gama mamakin kyansa abin da yake tambaya shi ne, toh idan na samu na ajiye shekara nawa zai yi min? Gara in faɗa maka tun yanzu kar ka sa rai da yawa, maganar watanni ake. Namiji yawanci wata 5 zuwa 6 yake yi gaba ɗaya, macen kuma tana kai wata 8, in ta samu kulawa mai kyau tana iya wucewa ta doshi wata 10 ko sama da haka kaɗan, amma wadda zata cika shekara cur ba kasafai ake samu ba. Kuma wannan lissafin fa daga ranar da aka ƙyanƙyashe shi ne, ba daga ranar da ya shigo hannunka ba, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, mutum ya karɓi babban namiji mai fukafukai yana murna, bayan sati 5 ya tarar da shi kwance a ƙasan keji ya shiga zargin kansa, alhali ƙwaron ya riga ya cinye mafi yawan kwanakinsa tun kafin su haɗu.

Ni abin da yafi damuna ba gajartar rayuwar bane, wannan haka Allah ya halicce shi ba mai ƙara masa. Abin da ke da zafi shi ne da yawansu ko waɗannan 'yan watannin basa cikawa, suna mutuwa tun suna ƙanana saboda abubuwan da mai kiwo zai iya gyarawa, iska, danshi, wurin rataya, da irin abincin da ake basu. Shi yasa na ga gara a yi maganar dalla dalla.

Sunansa na kimiyya Hymenopus coronatus, asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne masu yawan ruwan sama, irin su Malesiya da Indonesiya da Tailan, har zuwa kudancin Sin. Fari ne da ratsin ruwan hoda, ƙafafunsa huɗu na tafiya suna da wasu faffaɗan fatu da suka yi kama da ganyen fure, in ya zauna shiru ya lanƙwasa cikinsa sama zaka rantse fure ne. Tun 1889 masanin halittu Alfred Russel Wallace ya yi maganarsa a rubuce-rubucensa, kuma an daɗe ana ɗauka cewa ɓuya yake yi a cikin furanni don kar a gan shi, sai wani mai bincike James O'Hanlon da abokan aikinsa suka je Malesiya suka gwada, suka gano cewa ko ba fure kusa da shi ƙudan zuma da sauran ƙwari masu bin fure suna zuwa wurinsa da kansu, har ma ya fi wasu furannin gaske jawo su. An wallafa wannan a 2014. Ka riƙe wannan a ranka don zamu dawo kansa in mun zo maganar abinci, ƙwaro ne da aka gina shi don ya zauna wuri ɗaya abinci mai tashi ya same shi.

Toh mu fara daga ranar da zaka samo shi, don daga nan ake sanin kwana nawa zaku yi tare. Tambaya biyu zaka yi wa mai baka, namiji ne ko mace, sannan saɓa nawa ya yi. Masu kiwo basa lissafa shekarun ƙoƙi-ƙoƙi da wata, da saɓa suke lissafawa, wanda aka ƙyanƙyashe yanzu shi ne L1, in ya yi saɓar farko ya zama L2, haka har ya girma. Namiji wajen saɓa 5 yake yi ya balaga, wani lokacin 6, macen kuma wajen 7 take yi. Daga saɓar ƙarshe da fukafukai suka fito shikenan ba wata saɓa kuma, ba ƙarin girma, duk abin da ya karye a jikinsa bayan nan ya karye kenan. Namiji bayan ya yi fukafukai sati 4 zuwa 8 ne yawanci ya rage masa, macen kuma tana iya yin wata 3 zuwa 5 a haka.

Shawarata ga wanda bai taɓa kiwo ba, ya nemi mace a L3 ko L4. L1 yana da rauni sosai, ɗan ƙanƙani ne, kuma ma ba fari bane a lokacin, ja ne da baƙi yana kwaikwayon wasu ƙwari da tsuntsaye basa son ci, sai ya yi saɓar farko farin yake fitowa. A wannan matakin ƙishirwa ta yini ɗaya ko ɗigon ruwa mai girma kaɗan ya isa ya kashe shi, ko ƙwararru suna rasa wasu. A L3 ko L4 ya riga ya tsallake wannan siraɗin, kuma har yanzu da sauran watanni masu yawa a gabansa, zaka ga saɓa huɗu ko biyar da idonka, wanda gaskiya shi ne daɗin kiwon.

Gane namiji da mace ba wuya in sun ɗan tasa. Ka duba ƙarƙashin ciki ka ƙirga gaɓoɓin, mace 6 ne kuma na ƙarshen babba ne mai faɗi, namiji 8 ne kuma suna ƙara ƙanƙancewa zuwa ƙarshe. In idonka baya gani sosai ka ɗauki hoto da waya ta jikin kofin ka zuƙo shi. Akwai wata alama kuma a wannan nau'in, wani ratsi a gindin wuya ta baya, na mace kore ne na namiji ruwan ƙasa, amma sai sun yi saɓa uku ko huɗu yake fitowa sosai, kar ka dogara da shi kaɗai a kan ƙarami. In sun balaga kuwa ba sai an tambaya ba, macen tana kai santimita 6 zuwa 7, namijin 2.5 zuwa 3 kawai, wanda bai sani ba zai ce uwa ce da ɗanta.

Yanzu maganar zafi, wanda shi ne abu ɗaya da yake iya ja ko rage tsawon kwanan da gaske. Ƙwaro bashi da zafin jiki na kansa, zafin wurin da yake shi ke juya komai, narkar da abinci, girma, saurin saɓa. Da rana digiri 25 zuwa 30 shi yafi dacewa, da dare ya ɗan sauka ba laifi amma kar ya yi ƙasa da 18, ni ma na fi son ya tsaya a 20 zuwa sama. In ka ajiye shi a 30 kullum kana ɗura masa abinci, zai yi saɓa da wuri, ya balaga da wuri, ya mutu da wuri. In ka ajiye shi wajen 25 zuwa 26 kana ciyar da shi daidai misali, tazarar saɓa zata ƙaru, ka samu ƙarin makonni. Kamar fitilar ƙwai ce, in ka ɗaga lagwani ta fi haske amma mai ya fi saurin ƙarewa. Amma don Allah kar wannan ya sa ka ce bari in sanyaya shi sosai don ya daɗe, sanyin da ya wuce kima yana hana shi cin abinci, wanda ya ci ma baya narkewa, saɓa ta maƙale, kaga an yi ba a yi ba kenan. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi da danshi na dijital ka ajiye kusa da kejin, kar ka riƙa auna wa da jikinka, abin da kake ji daidai a fatarka ba lallai ya zama daidai a cikin kofin roba ba. Kuma kar ka taɓa ajiye kejin inda rana ke dukansa kai tsaye ta taga, roba ko gilashi cikin 'yan mintuna yake ɗaukar zafin da zai kashe shi. Haka nan gaban AC.

Keji kuma ba sai mai tsada ba. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce tsayin kejin ya kai tsawon ƙwaron sau uku, faɗinsa sau biyu. Ƙarami kofin roba mai haske ya ishe shi, in ka sa shi a babban wuri ma wahala zai sha don abinci bazai riƙa zuwa kusa da shi ba. Yana girma kana canja masa, babbar mace tana son wuri mai tsayin santimita 20 zuwa 30. Murfin shi ne mafi muhimmanci, ka yanke tsakiyarsa ka manna raga mai laushi, ta yadi ko ta roba, saboda mafi yawan lokacinsa a rataye yake a sama kansa ƙasa, kuma a nan zai yi saɓa. Ragar ƙarfe tana cinye 'yan ƙananan faratan ƙafarsa a hankali, ranar da suka gutsure ya daina iya riƙe komai. A ƙasa ka shimfiɗa tishu na kicin ko ɓawon kwakwa da aka niƙa, ni tishu na fi so ga ƙanana don kana ganin ƙazanta da wuri ka canja. Ka sa ɗan reshe ɗaya ko furen roba a gefe, a gefe na ce, kar ka cika tsakiya da kwalliya, sararin da ke ƙarƙashin murfi dole ya zama fili.

Danshi da iska, nan ne wahalar wannan nau'in take, kuma nan ne yawancin mutuwar da ba a san dalilinta ba take fitowa. Mutum ya karanta cewa daga daji mai ruwa ya fito, yana son danshi kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, sai ya toshe kofin ruf ya riƙa fesa ruwa safe da yamma har bango yana zufa. A dajin da ya fito akwai danshi amma iska tana kaɗawa, a cikin kofin da aka toshe kuwa iskar tsayawa take, kashinsa da ragowar ƙudaje su fara ruɓewa, funfuna ta fito, sai ka ga ƙwaron ya fara amai ruwan ƙasa ko baƙi mai wari yana shafawa a jikin bango, in ya kai nan da wuya ya tashi. Saboda haka bayan ragar sama ka buɗe wata taga a gefen kofin ka sa mata raga ita ma, iska ta shiga nan ta fita can. Feshi kuma kaɗan, sau ɗaya a yini ko bayan kwana biyu gwargwadon bushewar ɗakinka, a jikin bango da ragar, ba a kansa ba. Alamar da nake bi mai sauƙi ce, in ka fesa, ɗigon ya kamata ya bushe cikin awa ɗaya zuwa biyu, tishun ƙasa ya rage da ɗan laima kawai. In ka dawo da yamma ka tarar bango jiƙe yake har yanzu toh iska bata isa ba, ka ƙara taga, kar ka ce zaka gyara da rage ruwa kaɗai. Daga waɗannan ɗigon yake sha, zaka gan shi ya sunkuyar da kai yana lasa, ba ya buƙatar kwanon ruwa, ƙarami ma nutsewa zai yi a ciki. Ruwan ya zama mai tsabta wanda ba kulorin, in na famfo ne ka bar shi ya kwana a buɗe ko ka yi amfani da wanda aka tace. Kwalbar feshin kuma sabuwa, wadda ba a taɓa zuba sabulu ko wani magani a ciki ba.

Saɓa ita ce ranar da rayuwarsa take kan gaɓa, kuma sau 5 zuwa 7 zai bi ta wannan hanyar. Ƙanana suna yi bayan kamar sati biyu biyu, tazarar tana ƙaruwa, ta ƙarshe a mace tana iya kai wata guda ana jira. Kwana ɗaya ko biyu kafin nan zai daina cin abinci, ƙuda ya zo gabansa ya kaɗe shi da hannu ya ture maimakon ya kama, launinsa ya ɗan dusashe, ya samu wuri a raga ya kafe baya motsi. In saɓar ƙarshe ce zaka ga tushen fukafukan da ke bayansa sun kumbura sun yi kauri. Da ka ga haka ka fitar da duk wani abinci mai rai daga kejin, ka ɗan fesa ruwa a bango, ka ajiye kejin inda ba mai girgiza shi, ka cire hannunka. In ka yi sa'a ka gani da idonka, zai rataya da ƙafafun baya kansa ƙasa, fatar ta tsage daga bayan wuya, ya fara zamowa a hankali yana ɗan karkarwa, kai ya fito, gashin kansa guda biyu su zaro, hannayen gaba masu ƙaya su biyo a naɗe, sannan dogayen ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, har ya rage bakin cikinsa kawai ke maƙale a tsohuwar fatar yana lilo, jikinsa fari fat mai laushi har haske na ratsa shi. Zai tsaya a haka na ɗan lokaci ƙafafun su yi ƙwari, sannan ya lanƙwaso ya kama raga ya zare sauran. Nauyin jikinsa ne ke jawo shi daga fatar, shi yasa in tsayin bai isa ba ya taɓa ƙasa kafin ya gama sai ƙafafu su bushe a karkace, in kuma ragar bata riƙe shi ba ya faɗo, yawanci shikenan. In iska ta bushe da yawa fatar tana manne masa. Kaga duk abin da muka faɗa a sama, tsayi sau uku, raga mai laushi, fili a tsakiya, danshi, duk saboda wannan rabin awar ne.

Bayan ya gama kar ka taɓa shi, kar ka bashi abinci sai bayan awa 24, babba ma ka bari ya kai 48, musamman bayan saɓar ƙarshe da zai tsaya yana buɗe fukafukai suna bushewa. In ƙarami ya rasa ƙafa ɗaya kar hankalinka ya tashi, tana tsirowa a saɓa ta gaba, ƙarama da farko sannan ta cika. Wanda hannayen kamunsa suka lalace kuwa sai ka riƙa bashi a baki da hantsaki, ka ɗan fasa ƙudan ka kai ruwan jikinsa bakin ƙwaron, yana ɗanɗanawa zai fara ci, wasu da haka suke kai wa saɓa ta gaba su warke.

Abinci, ka tuna abin da na ce a kan binciken can. Ƙwari masu tashi su ne abincinsa. L1 da L2 ƙananan ƙudajen nan na 'ya'yan itace ake basu, waɗanda masu kiwo ke hayayyafa a kofi, akwai ƙaramin nau'i Drosophila melanogaster da wanda ya ɗan fi shi girma Drosophila hydei. Daga L3 zuwa L4 sai a koma ƙudan gida da koren ƙuda, manya kuma babban shuɗin ƙuda da malam-buɗe-littafi na dare. Gara ƙudan da aka kiwata a tsabta, ana samun su tun suna cikin kwanso, ka ajiye a firji ka riƙa fitar da kaɗan kaɗan suna ƙyanƙyashewa, ka basu zuma da ruwa na kwana ɗaya kafin ka jefa masa, abin da ƙudan ya ci shi ƙoƙi-ƙoƙin ya ci. Ƙudan da ka kama a bola ko inda ake fesa magani kana iya kawo masa ajalinsa da hannunka. Gyare kuwa ni bana ba da shawararsa ko kaɗan ga wannan nau'in, masu kiwo da yawa sun sha danganta shi da wannan baƙin aman, sannan gyare yana cizo, in ya kwana a keji ya tarar da ƙwaron yana saɓa zai iya cinye shi.

Yawan abin da zaka bashi kuma cikinsa zai faɗa maka. In cikin ya lafe ya yi fale-fale yunwa yake ji, in ya cika ya yi ɗan kauri ya isa, in ya kumbura har gaɓoɓin sun buɗe ana ganin fatar tsakaninsu toh ka dakata kwana biyu. Ƙanana kullum ko bayan kwana ɗaya, manya bayan kwana biyu ko uku. Babbar mace bata san ta ƙoshi ba, in ka biye mata zata yi nauyin da in ta faɗo daga murfi cikin zai iya fashewa. Namiji babba kuma akasin haka ne, ɗan ƙuda ɗaya ya ishe shi kwanaki, hankalinsa na kan neman mace, kar ka ɗauka ciwo ne.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya kiyaye, maganin ƙwari. Na feshi, na hayaƙi, wanda ake sawa a soket, har maganin ƙuma da ake ɗiga wa kyanwa ko kare a wuya in ka shafa su ka zo ka taɓa shi. Shi ma ƙwaro ne, abin da zai kashe sauro zai kashe shi, kuma ba sai an fesa a kansa ba, ɗakin kawai ya isa. Turaren feshi da hayaƙin sigari ma a nisanta su. Duk wanda kuke zaune tare ka sanar da shi tun ranar farko.

Ɗauka a hannu ba laifi lokaci lokaci, baya da dafi, amma ka bari shi ya tako hannunka da kansa, kar ka kama shi ta baya ko ka fizge shi daga raga, faratan nan ne zasu tafi. Ƙananan suna da tsalle ba zato, wani bincike da aka wallafa a 2023 ma ya nuna cewa fatun nan na ƙafafunsu suna taimaka musu su yi shawagi a iska in sun diro daga sama, saboda haka ka zauna a ƙasa ko kan gado in zaka fito da shi, fanka a kashe, taga a rufe. Namiji mai fukafukai yana tashi sosai kuma haske yake bi. Sannan kowane ɗaya da kejinsa, suna cin junansu, ko 'yan ƙwai ɗaya ne.

In kana son kiwon ya ɗore bayan waɗannan watannin, hanya ɗaya ce, hayayyafa, kuma a nan bambancin tsawon kwanan nan yake zama matsala ta gaske. In ka ɗauki namiji da mace 'yan ƙwai ɗaya ka basu kulawa iri ɗaya, namijin zai balaga ya tsufa ya mutu macen bata ma yi saɓar ƙarshe ba. Abin da masu kiwo ke yi shi ne su rage wa namijin gudu, a ajiye shi wajen digiri 20 zuwa 22 ana bashi abinci kaɗan, macen kuma a 28 zuwa 30 ana ciyar da ita sosai, ko kuma mafi sauƙi a nemi namijin da macen ta girme shi, wato wanda aka ƙyanƙyashe wata ɗaya ko biyu bayanta. Ana haɗa su bayan macen ta yi kamar sati 2 zuwa 3 da balaga, namijin sati 1 zuwa 2, a wuri mai faɗi, a tabbatar ta ƙoshi kuma a bata wani ƙudan tana ci a lokacin. Zai lallaɓo ta baya ya ɗare bayanta, yana ɗan bubbuga fukafukanta da hannayensa, yana iya kwana a nan kafin a yi abin da ake jira, da ya sauka ka cire shi don tana iya cinye shi. Bayan nan zata ɗora jakar ƙwai, doguwa siririya mai kumfa da take bushewa ta yi tauri a jikin reshe ko murfi, cikin sati 4 zuwa 6 a wuri mai ɗumi da danshi 'ya'ya gommai su fito, sai ka tabbatar kofunan ƙananan ƙudajenka sun riga sun kama kafin ranar. Macen da bata haɗu da namiji ba ita ma zata yi jakar ƙwai amma bazata ƙyanƙyashe ba, ka bar mata reshe mai kauri da zata ɗora a kai don riƙe ƙwan a ciki yana cutar da ita. Kuma in sun yi maka yawa ka ba wasu masu kiwo, kar ka sake su a waje, ba ƙwaron ko'ina bane, wasu ƙasashen ma sai da izini ake ajiye irinsa, ka bincika dokar inda kake tun kafin ka nema.

Tsufa kuma yana zuwa da alamunsa, ya kamata ka san su don ka bambanta su da ciwo. Farin jikin yana komawa ruwan ƙasa ƙasa, bakin fukafukai ya yage, baƙin tabo ya fito a ido wanda baya gushewa da safe, wannan daban yake da duhun da idonsu ke yi da dare wanda lafiya ce. Zai fara kai hannu ga ƙuda yana kuskurewa, ya rage ci, faratan su gutsure ya riƙa zamewa daga raga kana tarar da shi a ƙasa. In ya kai nan ka canja masa tsari, tunda ba sauran saɓa tsayi bashi da amfani, ka mayar da shi keji gajere ko ka kwantar da wanda yake ciki, ka manna raga ko tishu a bango duka don ya samu abin riƙewa, ƙasa ka sa mai laushi. Abinci ka riƙa kai masa baki, ruwa ka ɗiga a kan auduga ko bakin tsinke, ɗan ɗigon zuma ma suna lasa yana basu ƙarfi amma baya maye gurbin ƙuda. Wasu a haka suna ƙara sati biyu ko uku. In ya rasu, kafin ka sa wani a kejin ka zubar da duk shimfiɗar da reshen, ka wanke da ruwan zafi ba tare da sabulu mai ƙamshi ba, ka shanya ya bushe sarai, ragar ma in ta yi baƙi ka sa sabuwa.